Fanshon Neil Sugden

Ni na koya wa Neil Sugden dabarar, a kan teburin cin abincina, wata ranar Lahadi, bakinsa cike da gasasshen naman da na saya da kuɗina.

Sunana Beverley, amma Bev kowa ke ce mini. Shekara talatin da ɗaya na yi ina lissafin albashi a wani kamfanin darduma a nan Halifax, kafin gwiwoyina su sa ni ajiye aiki. Heather ƙanwata ce. Na girme ta da shekara goma sha huɗu, kuma da mahaifiyarmu ta rasu tana firamare, ni na ƙarasa renonta. Neil mijinta ne, shugaban ma'aikata a wata masana'antar ƙarfe da ke Elland. Suna da 'ya'ya mata biyu, Maisie da Fern.

A ranar, Neil ya samu ƙarin girma bai daɗe ba, yana ta ƙorafin haraji. Albashinsa ya kai fam dubu sittin da biyu a shekara, amma in ka ji shi sai ka rantse bara yake yi a bakin tasha.

"Ni nake tashi ƙarfe biyar," in ji shi, "su kuma su yashe kusan rabin abin da aka ƙara mini. Ina amfanin ƙarin girman?"

Na ce, "To ka sadaukar da wani abu daga albashin mana."

"In sadaukar wa wa?"

"Wa kanka. Ka je ofishin albashinku ka ce a rage maka albashi a takarda, abin da aka rage kamfani ya zuba shi kai tsaye cikin asusun fanshonka. Kuɗin da bai taɓa zama albashi ba, ba a cire masa haraji, ba a cire masa inshorar ƙasa. A matakin da kake, in ka sadaukar da fam ɗari, hamsin da takwas kawai za ka ji a aljihunka. Sauran arba'in da biyun da ma ba gidanka za su zo ba."

Ya daina tauna. "Yaushe zan ga kuɗin?"

"In ka kai hamsin da bakwai."

Ya yi dariya har romo ya zubo masa a riga. "Bev, ke kam da furfura aka haife ki. In tara wa tsohon da ban ma sani ba ko zan zama shi? Heather, miƙo dankalin nan, in dai ba ki ƙone shi ba."

Ni na dafa dankalin, ya kuma sani. Haka yake yi mata, shekara goma sha shida. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai in ta yi magana cikin mutane ya gyara mata, in ta yi aski ya tambaye ta ko mai askin na jin haushinta ne, in ta ce za ta koma karatu ya ce wa zai riƙe mata littafin daidai. Ina gani ina haɗiyewa, don ita ba ta ce in shiga ba.

Shekara biyu bayan wannan Lahadin, Heather ta ce masa ta gaji, ya kwashe kayansa. Ba wani namiji, ba wata mace. Da akwai wani, da Neil ya samu wanda zai zaga a mashaya, ya huce. Amma a ce mace ta dube shi sama da ƙasa ta zaɓi zama ita kaɗai, wannan ya kasa haɗiye shi.

Ya kama hayar ɗaki a saman wani shagon taya a Sowerby Bridge. Hukumar da ke yanke kuɗin ciyar da yara ta duba albashinsa ta ce ya riƙa biyan fam ɗari bakwai da sittin a wata. Ya biya wata huɗu. Daga nan aka aiko wa Heather takarda cewa albashin Neil ya ragu sosai, don haka abin da zai riƙa biya ya koma ɗari huɗu da casa'in.

Ta zo mini da takardar daga wurin aiki, ko rigar kicin ɗin makarantar da take dafa abinci ba ta cire ba.

"Ko rage masa matsayi aka yi?" ta ce. "Bev, kin san halinsa, ko ya yi wa wani babba rashin kunya ne?"

Tausayinsa ma take ji. Ni kuwa kallo ɗaya na yi wa lambobin na gane. Dubu sittin da biyu ta koma dubu talatin da bakwai cif, ba ko kwabo a kai. Rage matsayi ba ya zuwa da lamba mai tsabta haka. Hukumar tana yin lissafinta ne a kan abin da ya saura bayan an cire na fansho, kuma wani ya faɗa wa Neil haka. Dubu ashirin da biyar a shekara yake turawa inda 'ya'yansa ba za su gani ba.

Ban gama tabbatarwa ba sai da Kirsimeti ta zo. Wani katin gaisuwa ya shigo ta ramin wasiƙu na ƙofa tare da takardar kuɗin gas, da hoton ɗan tsuntsu a kan reshe. A ciki, da rubutun Neil mai kama da tafiyar kaza, ya ce: "Bev, na gode da darasin ranar Lahadi. Kowane wata ƙanwarki na rasa ɗari biyu da saba'in, ni ko kwabo ban yi asara ba, gwamnati ma taya ni take yi. Ki ce mata ta ci 'yancinta da burodi. Neil."

Na karanta shi a tsaye. Na sake karantawa a zaune. Na ɗora buta a wuta, na manta da ita har ta ƙafe. Abin da na sani a duniya guda ɗaya ne, shi ne lissafin albashi, da shi na ciyar da Heather, da shi na saya mata takalmin makaranta. Yau ga shi na miƙa wa mutumin nan shi a faranti, ya wasa shi, ya soka mata.

Na so in yaga katin. Sai na sa shi cikin leda, na ajiye a akwatin takardun gidana, na ɗauko fensir.

Ba a raba aurensu a kotu ba tukuna. Heather ba ta da kuɗin shigar da takarda, Neil kuma ya ce sai dai ta mutu da sunansa. Ni kuwa na ga rabuwar aure da yawa ta ratsa ofishina, na san abin da Neil bai tsaya ya tambaya ba: ranar da za a raba dukiya, fansho ma dukiya ne, ana ɗora shi a kan tebur kamar gida da mota. In aka bar shi shekara biyu, Heather za ta rasa wajen dubu shida da ɗari biyar. Shi kuma zai tara dubu hamsin a rumbun da yake zaton nasa ne shi kaɗai. Rabin hamsin, ashirin da biyar.

Akwai wata hanyar, na kuma san ta. Heather na iya rubuta wa hukumar ta ce da gangan yake karkatar da albashinsa, su bincika, in sun yarda su mayar da kuɗin yadda yake. Wata uku ko huɗu, an gama. Neil ya ji haushi na mako guda, ya daina sadaukarwar, ya koma mashaya ya ce ai ya gwada. Babu abin da zai same shi. Wannan ne na kasa yarda da shi.

Da Heather ta tambaye ni, muna wanke kwanuka bayan Kirsimeti, ko akwai abin da za a iya yi, sai na ce, "Babu. Doka ta ba shi dama. Ki bar shi kawai, kada ki nuna masa ya taɓa ki. Maganar kotu ma ki jinkirta, ba yanzu ba."

"Kin tabbata?"

"Shekara nawa na yi ina wannan aikin?"

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da goge faranti. Ba ta taɓa yi mini musu a kan lamba ba tun tana 'yar shekara takwas.

Ba zan ce shekara biyun nan sun zo da sauƙi ba. Ina ba ta fam ɗari daga fanshona duk wata, abin da zan iya ke nan. Ta ƙara aikin share ofisoshi da yamma, kwana uku a mako. Ta daina kunna na'urar ɗumama gida sai yaran sun dawo makaranta, ita kuma ta yini da riga uku. Fern, ƙaramar, tana cikin ƙungiyar ninkaya ta gari, har an fara kai ta gasa Leeds da Sheffield. Kuɗin wata, kuɗin mota, kuɗin rigar ruwa. A bazarar farko aka cire ta. Ta ce wa uwarta ai da ma ta gaji da warin ruwan. Shekararta goma sha ɗaya, ta riga ta iya irin wannan ƙaryar.

A ranar na kusa faɗa wa Heather gaskiya. Na ɗauki waya ma. Sai na tuna da tsuntsun nan a kan reshe, na ajiye.

Neil ma ba daɗi yake ji ba, wannan ne ke riƙe ni. Maisie kan ba ni labari in sun dawo daga wurinsa ran Asabar: wake na gwangwani a kan burodi, sati bayan sati. Ya sayar da babur ɗinsa. Ya nemi bashin sayen gida banki ya dubi takardar albashinsa ya ce abin da za su ba shi ko gareji ba zai saya ba. Duk da haka bai rage ko fam ɗaya daga sadaukarwar ba. Yunwa yake kwana da ita don wata ta ji yunwa.

Sau ɗaya muka haɗu, a kasuwa, gaban mai kifi. Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa.

"A'a, malamata," ya ce. "Ya ɗalibinki yake ƙoƙari?"

"Ka fi ƙarfina, Neil," na ce, na sunkuyar da kai kamar wadda aka gama da ita. "Ban taɓa zaton za ka iya jurewa haka ba. Na ce wa Heather wata shida za ka yi ka gaji."

"Wata shida?" Ya gyara tsayuwa. "Ki gaya mata a watan Afrilu ƙarawa zan yi."

Ya kuwa ƙara. Na sayi kifina na hau bas, ina murmushi har wata mata ta matsa daga kusa da ni.

Da shekara biyu ta cika, na ciro kuɗin da na ajiye na jana'izata, na biya kuɗin shigar da takarda, na kai Heather wurin wata lauya a Huddersfield, Madam Dhaliwal, mace gajera mai tabarau a kan goshi da wani a kan hanci. Aka tilasta wa Neil ya bayyana duk abin da ya mallaka. Da takardar fanshonsa ta iso, lauyar ta duba ta ce, "To, wannan mutumin ya yi tanadi." Da abin da ya tara tun farkon aikinsa, da na shekara biyun nan, da ribar da suka yi, asusun ya haura dubu ɗari da casa'in.

"Lauyansa zai ce abin da aka tara bayan rabuwa nasa ne shi kaɗai," in ji ta. "Kuma sau da yawa alƙalai kan saurari wannan. Sai in muna da abin da zai nuna da kuɗin bakin yaran ya tara shi, kuma da niyya."

Na buɗe jakata na ɗora mata ledar a kan tebur.

Ta karanta. Ta sauko da tabarau na biyu ta sake karantawa. Sannan ta miƙa wa Heather, wadda ba ta taɓa ganin katin ba. Ina kallon wuyan ƙanwata yana yin ja tun daga ƙasa.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," Madam Dhaliwal ta ce mata. "Me ya sa ba ki kai kuka hukumar ba tun a lokacin? Da wannan katin a hannu, da wuya su ƙi mayar miki da kuɗin."

Heather ta ce, "Ana iya yi?"

"Takarda ɗaya ce. Ba wanda ya gaya miki?"

Ba ta juyo ta kalle ni ba. Ta ninke katin a hankali, ta mayar cikin ledar, ta ce, "A'a. Ba wanda ya gaya mini."

A jirgin ƙasa muna dawowa, taga ta yi ta kallo. Makonni bakwai da suka biyo baya, in na buga waya maganar takardu kawai take yi. Fam ɗarin da nake ba ta ya dawo mini ta ramin ƙofa cikin ambulan, ba ko rubutu.

Ranar zaman kotu aka ce ni ba zan shiga ba, daga ma'auratan sai lauyoyinsu. Shekara biyu ina dafa tuwon nan, aka bar ni a baranda kan kujerar roba, kusa da injin shayin da ya haɗiye mini fam ɗaya bai ba ni komai ba. Minti hamsin suka yi a ciki. Daga nan lauyoyin suka yi ta kai da kawowa tsakanin ƙananan ɗakuna biyu har bayan azahar. Alƙaliyar ta faɗa musu yadda take ganin shari'ar za ta ƙare in aka ci gaba, lauyan Neil kuma ya ba shi shawarar kada ya ci gaba. Aka daidaita: Heather za ta zauna a gidan har Fern ta gama makaranta, za a kuma yanke kashi hamsin da biyar cikin ɗari na fanshon gaba ɗaya a zuba a asusu da sunanta.

Neil ya fito shi kaɗai, taye a hannu. Ya gan ni ya tsaya.

"Ke ce," ya ce.

"Ni ce."

"Shekara biyu ina cin wake."

"Na sani. Maisie na ba ni labari. Ka kuma yi ƙoƙari, Neil, ko ni ban taɓa ganin mai tanadi irinka ba. Harajin da ka tsere wa ma, fiye da rabinsa yanzu na Heather ne. Ka ga gwamnati ta taya ta ita ma."

Na jira ya zage ni, na ma shirya amsa. Sai ya ce, da wata ƙaramar murya, "Ran nan a kasuwa. Da gangan kika yi."

"Kifi na je saya."

Ya juya ya sauka matattakala, yana riƙe da ƙarfen gefe kamar tsoho. Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena. Wata biyu bayan nan ya daina sadaukar da komai, tunda ba sauran wanda zai ƙuntata wa, kuɗin yaran kuma ya koma har ya ɗara na da.

Ni da Heather muka fito, ana yayyafi. Ba ta nufi tasha ba, ta shiga wani shagon shayi a tsallaken titi, na bi ta. Ta sayi nata ita kaɗai. Ni ma na sayi nawa.

"Dubu ɗari da wani abu," na ce. "Da sunanki. Ba ki taɓa samun fansho na kirki ba, yanzu kin samu."

"Zan gan shi nan da shekara goma sha ɗaya."

"Amma naki ne."

"Fern za ta koma shekara goma sha ɗaya ne in na karɓa?" Ba ta ɗaga murya ba. "Yaran da suka fara tare yanzu gasar yanki suke zuwa. Na tambaye ta ko za ta koma, ta ce ita da ƙananan yara za a haɗa ta. Ni na yi sanyin nan, Bev. Ni na goge ban ɗakin mutane da yamma. Kika tsaya a gaban kwanuka kika kalli idona kika ce babu abin da za a yi."

"Da na faɗa miki, da kin rubuta musu washegari."

"Ƙwarai. Ko kuma da na ce mu jira. Ba ki sani ba, don ba ki tambaye ni ba. Shekara goma sha takwas ina zaune da mutumin da ya fi ni sanin abin da ya dace da ni. Na kore shi, ashe akwai wata a layi."

Wannan ta shige ni. Na buɗe baki in kawo mata lissafin, dubu shida da rabi a nan, dubu ashirin da biyar a can, sai na ga ba lamba take nema ba. Na ce, "Na yi miki ƙarya. Ba don ke kaɗai na yi ba, don ni ma na yi. Ya yi amfani da ni, na so ya ɗanɗana. Ba zan ce ina nadamar abin da ya same shi ba, Heather, don ba na yi."

"Na san ba kya yi."

Ta juya cokali a kofi har shayin ya huce. Na ɗauka tashi za ta yi ta bar ni a wurin, kuma da ta yi, da ban ga laifinta ba.

"Ban yafe miki ba," ta ce. "Kada ki zo gidana ran Lahadi, sai na kira ki."

"To."

Ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya, amma ba ta tashi ba. Gefen bakinta ya fara motsi, tana ƙoƙarin danne shi.

"Alƙaliyar da kanta ta karanta katin," ta ce. "Da ƙarfi. A hankali, kalma bayan kalma, kamar mai karatu a coci. Da ta zo wurin burodin sai ta tsaya, ta dube shi ta saman tabarau, ta ce, 'Mista Sugden, wannan rubutunka ne?'"

Na matso da kujerata. "Ya ce me?"

"Ya ce wasa yake yi. Ta ce, 'Wa ya yi dariya?'" Heather ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza. "Kunnuwansa, Bev. Har wani shuɗi-shuɗi suka yi. Lauyansa kuwa ya kafa wa silin ido kamar yana ƙirga ƙusoshi."

"Daga nan fa?"

"Sayo mini wani shayin," ta ce, "wannan ya yi sanyi. Da kek ɗin can mai lemo. Ke za ki biya."